Shekarar da Aka Ɗaure wa Kwamfutoci Baki

Hauwa, wannan babin naki ne ke da ƙannenki, kuma ke kika jawo shi, ko da yake ba ki sani ba. Ranar sadakar arba'in ɗin babanku kina wanke tukwane a bakin famfo, na ji kina ce wa ƙawarki, "Kaka ba ta taɓa son Abba ba. Ko sunansa ba ta faɗa. Yana ciwo tana masa faɗan data." Ina ɗaki a kan darduma, taga a buɗe, babu kalmar da ba ta shigo ba. Ban kira ki ba, ban kuma riƙe ki a raina ba, don abin da kika gani kika faɗa. Yanzu ga shi kin yi aure har kin haifi naki na farin, kina ta cilla shi sama a gaban uban kowa, kina rangaɗa sunansa kamar mai talla. Zamaninku ne, Allah Ya raya shi. Ni kam idona ya fara gajiya, yatsun ne kawai ba su manta aikinsu ba, saboda haka bari in buga miki abin da ya faru a shekarar nan tun ina iyawa.

Babanku shi ne ɗana na fari. A gidan da na tashi, a nan Gashua, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga doka. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, haka ni ma na yi. Yana tatata ya taɓa faɗowa daga kan dakali ya fasa goshi a gabana, jini har haɓa, na ci gaba da tankaɗena kamar ɗan maƙwabta ne. Ana yaye shi yayar kakanku, Gwaggo Asabe, ta goye shi ta tafi da shi, a gidanta ya girma. In zan yi zancensa sai in ce "wancan", ko "yaron nan". Shi ma bai taɓa ce mini Inna ba kamar yadda ƙannensa ke faɗa. Hajiya yake ce mini, yana durƙushe daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa. Ku kuna ganin wannan ƙiyayya ce. Mu a wurinmu shi ne girman da uwa ke ba ɗanta na fari, kuma ba a cire shi daga jikin mutum da ya tsufa.

Bayan rasuwar kakanku, babanku ya tattaro ku da mamanku Yagana kuka dawo babban gida don kada in zauna ni kaɗai. To, a nan fa aka sha kallo. Muna tsakar gida ɗaya, yana tsaye a gabana, sai in ce, "Yagana, ki gaya wa maigidanki rufin kicin yana yoyo." Shi kuma ya ce, "Yagana, ki ce wa Hajiya gobe za a zo a duba." Baiwar Allah ta zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna.

Kwamfutoci huɗu muka wayi gari da su a gidan. Akwai tawa, don kin san aikina ke nan: da tafireta na fara a ofis, na yi ritaya a kan kwamfuta, na ci gaba da buga wa makarantun unguwa takardun jarrabawa a ɗakina. Akwai tsohuwar ta kakanku mai ƙaton kai, wadda kuke koyon amsa tambayoyin shiga jami'a a kanta. Akwai ta Yagana da take karatunta na ƙaro ilimi, sai kuma laftof ɗin babanku ta aikin gyaran wayoyi da na'urori da yake yi a kasuwa. Dukkansu daga 'yar na'urar waifai guda ɗaya suke sha, wadda ke rataye a ƙusa a bakin ɗakina, kuma ni ke zuba mata data duk wata daga abin da na samu a buga takardu. Ba na wasa da ita, kin sani. Har laƙabi kuka sa mini, wai Sarkin Data, kuna tsammanin ban ji ba.

Wata safiya, kwana biyu da zuba ta wata, aka kawo wuta da hantsi, kowa ya kunna tasa. Kafin azahar na zo tura wa wani hedimasta takardunsa, abu ya ce babu. Na duba, data ta ƙare ƙarƙaf! Kai, ranar ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce ku ne da kallon bidiyo, kuka rantse. Na juya kan Yagana, ta ce ko buɗe intanet ba ta yi ba. Babanku ya dawo cin abinci ya tarar da gida a hargitse, ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata.

"Yagana, ki ce wa Hajiya ba yara ba ne," in ji shi. "Kwamfutocin ne da kansu. Masu babbar manhajar da ke tafiyar da su sun saki sabuntawa, kowace ta je ta ɗebo tata."

Haushi ya sa na manta da Yagana. Na ce, "Abu iri ɗaya suka ɗebo har su huɗu?"

"Iri ɗaya, Hajiya."

"To wane irin shashanci ne wannan? Gida ɗaya, a aiki mutum huɗu kasuwa sayen gishiri?"

Ya yi dariya, ya yi sauri ya rufe baki da hannu. Ni ma sai a lokacin na ankara cewa kai tsaye na yi masa magana, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Ashe maganar aiki ba ta shiga cikin kunya. Tun daga ranar muka sami ƙofa, ni da shi. In dai zancen kwamfuta ne, sai ya shigo har cikin ɗakina ya zauna a kan kujerar roba, in tambaya ya amsa. Shekara arba'in da wani abu, ban taɓa jin muryar ɗana kusa da kunnena haka ba. Wallahi, Hauwa, har ƙirƙirar matsala na riƙa yi. In ɓoye wani abu a allon da hannuna, in aika a ce masa ta lalace.

Dabarar da ya yi mana biyu ce. Da fari ya shiga cikin kowace kwamfuta ya shaida mata cewa intanet ɗin gidan nan a mudu ake auna shi, kada ta kuskura ta ɗebo wani abu mai nauyi sai an ba ta izini. Shi ne ya ce ya ɗaure musu baki, sunan ya bi gida. Na biyu, ya ce ba za a bar su haka ba sabuntawa, don kwamfutar da aka daina sabunta wa kamar ɗaki ne da ƙofarsa ba ta kulluwa. Yana da aboki a Nguru, Malam Bukar, mai shagon buga takardu da intanet wanda ba a auna shi. Zai riƙa ɗaukar laftof ɗinsa ya je can ya sauko da abin sau ɗaya tak, ya zuba a filash, ya dawo ya bi ɗaki ɗaki yana ɗura musu. Ya ƙara da cewa a shekarar masu manhajar za su yi watsi da tsohuwar gaba ɗaya, dole a kwashe duka huɗun a mai da su kan sabuwa, kuma wannan aiki ne mai nauyi da sai a hankali. Na ce madalla. Har alfahari na riƙa yi a gidan biki, ina cewa mu a gidanmu sau ɗaya ake aike.

Da farko wata-wata yake zuwa Nguru. Sai ya koma duk mako biyu. Kafin damina ta kankama ya zama ba ya rufa mako bai je ba, wani lokacin har sau biyu. In na ce, "Wai sabuntawar nan ba ta ƙarewa ne?" sai ya ce bana sun matsa, wancan ɗin bai sauko daidai ba. Ni kuwa ba makauniya ba ce. Na ga ya daina sa takalmi sau-ciki ya koma silifa, don ƙafar ta ƙi shiga. Na ga mutumin da ba ya cin tuwo sai da bandar kifi ya koma cin abinci lami, ba gishiri. A zafin Gashua, inda mutum ke shanye moɗa biyu a tsaye, shi sai ya kurɓi ruwa a murfin kofi ya ajiye. Ga hirami da ya ɗauki naɗawa a wuya ko da rana tsaka. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da waɗannan ke nufi, don ba unguwar da ciwon ƙoda bai shiga ya ɗauki wani ba. Na sani, na ƙi yarda in sani.

Ranar da abin ya fito fili, ya yi sallama da sassafe ya ce ya tafi Nguru ɗauko sabuntawa. Da hantsi na shiga falonsu neman almakashi, sai ga jakar laftof ɗin a ƙarƙashin kujera, da filash ɗin a aljihunta. Na ɗauki jakar. Na sami Yagana a kicin tana gyaran barkono.

Na ce, "Yagana, maigidanki da me ya tafi ɗauko abin? Da hularsa?"

Ta ɗago ta ga jakar a hannuna. Sai kawai ta saki faranti, ta zauna a ƙasa ta sa kuka.

"Hajiya, ya rantsar da ni kada in faɗa miki," in ji ta. "Wankin ƙoda ake masa a babban asibiti. Yana barin laftof ɗin a shagon Malam Bukar tana saukewa, shi ya wuce can. Yau jikin ne ya matsa masa, ya manta ta."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi. Ya ce in kika ji, ba za ki iya tambayarsa ba, kuma ba za ki iya barci ba. Ya ce gara ki zauna da faɗan datarki."

Ka ji yaro! Ya san ni fiye da yadda na san kaina. Na mai da jakar inda na ɗauke ta, na ce wa Yagana ko da wasa kada ta nuna masa na sani. Wannan ita ce shawarar da na yanke, kuma ni kaɗai na yanke ta. Ya yi wa uwarsa sutura, na ce ba ni zan yaye ta ba. Gonar shinkafar da na gada a bakin kogi na sa ƙanena ya sayar, kuɗin ya bi ta hannun Yagana da sunan gudummawar danginta. Abin da na iya ke nan.

Sau ɗaya na bi shi. Na bari motar da ya shiga ta tashi, na shiga ta bayanta, na ce muku gaisuwar mutuwa zan je. Ruwa ya cika fadama dama da hagu, masunta na ta harkarsu, ni ban ga komai ba sai ƙeyar direba. A Nguru na fara biyawa ta shagon Malam Bukar, na hango laftof ɗin a kan teburi a buɗe tana aikinta, ita kaɗai. Daga nan na wuce asibitin. Wata ma'aikaciya ta gaishe ni da yaren Kanuri ta ce, "Wushe, Hajiya, wa kike nema?" Bakina ya kasa faɗin sunan. Na ce mata wani ɗan unguwarmu ne daga Gashua. Ta nuna mini ɗakin, ta ce in shiga. Ban shiga ba. Na zagaya ta baya na tsaya a jikin taga. Yana kwance, an cire hiramin, robobi biyu sun fito daga wuyansa, jininsa na fita yana shiga wata na'ura yana dawowa. Idonsa a rufe, leɓensa na motsi. Ɗan da na ɗauka wata tara. Na tsaya a nan ina kuka ba sauti, ina cewa a zuciyata ki shiga mana, ki shiga, wa zai kama ki? Ƙafata ta ƙi. Na koma tasha na riga shi isa gida, na wanke fuska, na zauna a gaban kwamfutata.

Da la'asar ya shigo yana jan ƙafa, jaka a kafaɗa. Kina tsakar gida, Hauwa, kin ji abin da na ce masa.

"An dai samo, ko yau ma asarar kuɗin mota aka yi?"

"An samo, Hajiya," in ji shi.

Kin harare ni ranar, na gani. In da na yi shiru, ko na sassauta murya, da ya gane. Faɗan nan shi ne kawai abin da ya rage da zan iya ba shi don ya ci gaba da zaton ban sani ba.

Haka ya yi ta bin kwamfutocin yana mai da su kan sabuwar manhaja. Ya fara da tasa don gwaji. Ya yi ta Yagana. Tsohuwar ta kakanku ta ba shi wahala, sai da ya ƙara mata wani abu a ciki kafin ta karɓa, yana yi yana hutawa, yana jingina kai da bango. Saura tawa. Ita kuwa na hana. Yau in ce ina tsakiyar takardun jarrabawa, gobe in ce sai an gama zangon nan, jibi in ce ni ban yarda da sabuwar ba, kada ta ɓatar mini da haruffa masu ƙugiya. Ba ko ɗaya da yake gaskiya. Tsoro nake ji. Na ga kamar muddin akwai sauran aiki a tsakaninmu, to zai ci gaba da shigowa ɗakina yana lallashina, kuma Allah ba zai ɗauki mutum da aiki a hannunsa ba. Tunanin tsohuwa ke nan, Allah Ya yafe mini.

Lokacin da aka fara yankan shinkafa, barkono ya yi ja a kan rufin gidaje, ya daina fita kasuwa. Wata ranar Laraba bayan la'asar ya yi sallama a ƙofata, filash a hannunsa. Bai iya durƙusawa ba, sai ya dafa ƙyaure.

"Hajiya, yau dai a yi haƙuri a ba ni ita," ya ce. "Ba na so in bar ki da tsohuwa."

Ban yi gardama ba. Na janyo masa kujerar roba, na sa masa matashi. Ya kwashe duk takarduna ya adana a gefe, ya nuna mini inda ya sa su. Ya nuna mini wurin da ake ɗaure bakin da wurin da ake kwance shi, ya sa na yi da hannuna har sau biyu, ya ce in an kwana biyu in ba Malam Bukar filash ta hannun direba, zai zubo mini. Ban ce masa don me kake koya mini ba. Sannan ya soka filash ɗin, allon ya yi shuɗi, wasu 'yan ɗigo suka fara zagaye, rubutu ya fito da Turanci cewa kada a kashe.

"Yanzu sai jira," in ji shi. "Za ta mutu ta tashi da kanta, kada ki tsorata."

Muka zauna. Ba mu taɓa zama mu biyu haka ba, babu abin yi, babu abin faɗa. Hannunsa na kan teburi kusa da nawa, ya kumbura har zoben azurfarsa ya nutse. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Na ce a raina, yau kam sai na yi. Kalma biyu ce, ya jiki, ko bare a hanya ana ce masa. In ce masa na sani, in ce masa na je, in ce masa tun ranar da ya fasa goshi nake son in ɗauke shi. Kwamfutar ta mutu ta tashi. Ta sake mutuwa ta tashi. Na buɗe baki, har na juya na dube shi a fuska, abin da ban taɓa yi ba. Ya ɗago.

"Na'am, Hajiya?"

A daidai nan kika shigo da kofin kununa. Ban ɗora miki laifi ba, ko ba ki shigo ba ban san ko zan iya ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Wannan ɗin dai ba zai taɓa mana data ba ko?"

Kika dangwarar da kofin kika fita, har kununa ya zube a teburi. Abin da kika ji ke nan, shi kika riƙe duk shekarun nan, kuma kina da gaskiya, na faɗa. Amma ba ki tsaya kin ji sauran ba.

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya kawo ruwa, sai ya yi ɗan murmushi. Ya matso da hannunsa har ya taɓa gefen nawa, ya bar shi a nan.

"Jikin da sauƙi, Inna," ya ce. "Alhamdu lillahi. Ki daina damuwa."

Ban janye hannuna ba. Muka zauna a haka har allon ya washe, sabuwar ta fito, aka kira magariba. Ya tashi da ƙyar ya dafa bango ya tafi.

Ba a gama sussukar shinkafa ba ya rasu, a Nguru, da rana, Yagana na riƙe da kansa. Da aka kawo shi gida mata suka cika tsakar gida da kuka, ni ina ɗaki ina karɓar gaisuwa da busasshen ido, kamar yadda uwar ɗan fari ke yi, kuna kallona kuna mamakin taurin zuciyata. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa tambayarsa ya jiki ba, Hauwa, wannan gaskiya ne, kuma da shi zan kwanta a kabarina. Amma ki gaya wa ƙannenki, ya amsa mini.